Ƙidayar Kwamfutocin Salome

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a layin bayan kasuwar Kontagora ya san shagon Salome, ko da bai shiga ba, domin tun daga bakin layin ake jin muryarta. Mace ce gajeruwa kakkaura, tabarau rataye a wuya da zare, kuma ba ta iya ganin an wulaƙanta na'ura ta yi shiru. Ka kawo mata kwamfutar da kyankyasai suka yi gida a cikinta, sai ta wanke ka tas kafin ta ɗauki sukundireba. Mazan layin suna kiranta Hajiya Faɗa a bayan idonta, ko da yake kowa ya san ranar Lahadi tana sahun gaba a majami'a. A gaban idonta kuwa Madam ce, har da ɗan rusunawa.

A Tungan Magajiya aka haife ta. Mahaifinta ya rasu tun ba ta yi wayo ba, sai ƙanin mahaifiyarta, Baƙo, malamin firamare, ya ɗauke ta. Shi ya turo ta Kontagora karatu, shi ya sama mata wurin koyon buga takardu. A can ta koyi abin da ba a tura ta koya ba: da zarar mai shagon ya fita, sai ta kwance bayan kwamfuta ta leƙa. Sau biyu ana korarta. A karo na uku ta buɗe nata shagon.

Bayan Kawu Baƙo ya yi ritaya ne hawan jinin ido ya cinye masa gani. Mutumin da ko takardar sabulu ya tsinta sai ya karance ta, ya koma zaman gindin mangwaro yana jiran wani ya zo ya karanta masa saƙon 'ya'yansa. Salome ta je ta gan shi haka, ta dawo ranta a jagule, ta shiga neman mafita.

Abin da ta samo wata manhaja ce mai karanta wa makaho duk abin da ke kan allon kwamfuta, ta kuma faɗa masa kowane harafi da ya danna. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato waɗanda suka rubuta ta sun bar rubutun a fili, kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Sai dai don sababbin kwamfutoci suka yi ta. Irin waɗanda ke hannun Salome kuwa na gwanjo ne, waɗanda ofisoshin wata ƙasa suka gaji da su tun tuni. Ta ɗora manhajar, ta ƙi tashi. Salome ta ja tsaki ta zauna mata. Damina biyu ta ci tana kwancewa tana ɗaurawa, tana yi wa rubutun faci a duk inda tsohuwar na'ura ta kasa ɗauka, har ta koya wa muryar furta Hausa yadda mutum zai gane.

Ranar da ta kai wa kawunta, ya lalubi madannan, ya buga sunansa harafi bayan harafi, na'urar ta maimaita masa. Sai ya ce, "Wannan mutumin naki mura yake yi?"

"Kawu, in ba ka so in ɗauke kayana."

"Taɓa ki gani," in ji shi, ya rungume na'urar.

Tun daga ranar ya soma rubuta tarihin garinsu, da sunayen tsofaffin da suka sari dajin, ba mai taya shi.

To, irin wannan aiki ba a gama shi. Akwai wata ƙungiya ta 'yan sa-kai, a warwatse cikin duniya, masu tattara dubban irin waɗannan manhajoji. Kowace sukan naɗe ta a ƙunshi, su gwada, su sa hannu, su ajiye a wuri guda inda kowa zai iya saukewa. Salome rumbu take kiran wurin. Kowane ƙunshi yana da mai kula da shi, kuma ita ce ta zama mai kula da na muryar a kan tsofaffin kwamfutoci. Duk lokacin da masu manhajar na asali suka fitar da sabuwa, facin Salome sai ya ɓalle, ta sake zama ta ɗinke. In ta gama, sai ta tura wa wata mata mai suna Helen, can ƙetare, wadda ba su taɓa ganin juna ba. Helen ce ke da izinin sa kaya a rumbun. Ita ke dubawa, ta dawo da shi in akwai gyara, ta ɗora in ya yi. Ba wanda ake biya, daga Salome har Helen.

Kuma ƙunshin Salome ba shi kaɗai yake tsaye ba. A kan ɗaruruwan wasu yake zaune: wanda ke fitar da sauti, wanda ke buɗe takardu, wanda ke sa na'ura ta gane filashi ko firinta. Duk waɗannan wasu mutane ne a rumbun ke gina su don tsofaffin kwamfutoci, suna toshe ɓarakarsu. In suka daina, mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar kayan ba, ko da Salome ce.

Labari ya bazu tsakanin makafi, yadda labari ke bazuwa a tsakaninsu ba tare da masu ido sun sani ba. Malama Mu'minat, wadda ke koyarwa a Auna da ido ɗaya da ya kusa rufewa, ta aiko. Wani mai koyar da mawaƙan majami'a a Kumbashi ya aiko. Ɗalibai suka aiko. Salome ta riƙa tsintar matattun kwamfutoci tana tayar da su. Ba ta bin kowace tana ɗora manhajoji ɗaya bayan ɗaya, domin wannan aikin yini ne, kuma wutar garin ba ta yi wa kowa alkawarin yini ba. Abin da take yi shi ne abin da kowane mai gyara a layin yake yi. Ta ɗauki faifan ajiyar kwamfutar Kawu, wadda aka riga aka saita komai ya zauna daidai, ta kwafe shi sukutum ta ajiye. Duk na'urar da ta zo, sai ta juye mata wannan kwafin, kafin a gama cin abincin rana an gama.

Rabon sabuntawa ma haka. Ƙauyukan ba sabis ɗin kirki, wanda yake da shi kuma ba zai ƙona datarsa a kan kwamfuta ba. Salome ke saukewa sau ɗaya a shagonta, ta zuba a filashi, ta ba direbobi da masu zuwa cin kasuwa. Filashi ɗaya sai ya zaga gida goma kafin ya dawo mata yana warin daddawa. Haka aka yi shekaru, ba wanda ya ji kansu.

Sai ga saƙon Helen wata safiya, cikin ladabin nan nata mai sa Salome ƙaiƙayi. Masu rumbu suna shawarar daina gina komai don tsofaffin kwamfutoci. Injin da ke ginin ya tsufa, masu kula da shi sun gaji, kuma bisa ga ƙidaya, kusan ba mai amfani da kayan. Ƙidayar kuwa ga yadda take: duk kwamfutar da mai ita ya yarda, in ta hau intanet, takan aika ɗan saƙo ta faɗi ƙunshin da ke cikinta. A gaban ƙunshin Salome an rubuta sifili. Masu saukewa kuma, in ji Helen, mutum ɗaya ne tak, kullum daga wuri ɗaya.

Salome ta karanta ta sake karantawa. Wani bawan Allah da ya kawo cajar laftof a daidai lokacin, shi ya kwashi rabon farko na fushinta, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sifili. Mutane suna zaune a ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa, sun ƙirƙiro ma'aunin da ba ya ganin kowa sai mai intanet a ɗaki, sannan sun duba ma'aunin sun ce ba kowa. Ba wanda ya tambaya. Shekara da shekaru tana turo musu faci, ba a taɓa samun wanda ya ce, baiwar Allah, wa kike yi wa wannan wahalar ba. Ta zauna ta rubuta wa Helen amsa mai zafi, ta goge rabi, ta tura rabin, shi ma ya isa.

Helen ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙular da Salome ke nan. Ta ce ta yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma a zaman da za a yi ba ta da abin nunawa sai lamba. In lambar ta motsa kafin zaman, za ta tsaya kai da fata a ƙara wa tsofaffin na'urori wasu shekaru.

Ranar Asabar Salome ta hau mota zuwa Tungan Magajiya. Ta tarar da kawunta a gindin mangwaro, na'urar a cinya, waya ta taho daga batirin sola. Ta zayyana masa komai, tana yi tana huci.

"Dakata," in ji shi. "Yanzu in sun rufe, mutumina zai daina magana?"

"Ba yau ba, Kawu. Zai yi ta yi har ranar da wani abu ya lalace. Ko 'ya'yanka su turo maka takarda irin ta zamani ya kasa buɗewa. Ko wannan ta mutu in samo wata, kayan cikinta su ƙi jituwa da tsohon kwafina. Daga ranar shi ke nan, ba inda zan je in ɗebo gyara."

"Su kuma so suke su san muna nan."

"So suke na'ura ta gaya musu. Bakina bai isa ba."

Tsohon ya gyara zama. "To, sai mu je a ƙirga mu. Ba ni wayata."

Ta so ta hana shi. Hanyar kowa ya san halinta, ga ramuka ga fargaba, kuma damina ta kankama. Amma Baƙo malamin makaranta ne, in ya ce a yi layi sai an yi. Ya kira Malama Mu'minat, ya kira mai mawaƙan Kumbashi, ya kira duk wanda yake da lambarsa, ya sa su kira waɗanda ba shi da tasu. Salome tana zaune tana jin abin da yake gaya wa kowa. Ya ce an sha yin rabo a ƙasar nan ba a tuna da makaho ba, an sha yin ƙidaya a tsallake ƙofarsa, amma wannan karon mutanen wata duniya ne da kansu suke tambaya ko akwai mu. Ya ce kowa ya zo shagon Salome da na'urarsa, kuma kowa ya zo da kansa.

Godspower, direban a-kori-kura da ya saba kai mata filashi, shi ya yi jigilar na nesa. Ya shimfiɗa buhunan dusa a bayan motar don kada kwamfutocin su jijjiga, ya lulluɓe su da tamfol, masu su kuma suka zauna a gefe kowa ya dafa tasa. Wasu suka zo a kan babur, na'ura a tsakaninsu da ɗan acaɓa. Malama Mu'minat ta rufe ajinta ta zo, abin da ba ta taɓa yi ba ko da zazzaɓi.

Layin masu gyara bai taɓa ganin rana irin wannan ba. An aro bencuna daga majami'a, liman ya ba da tabarmi. Mutum arba'in da 'yan kai, kowa cikin kayansa na fita kunya. Kawu Baƙo ya sa kwat ɗin da aka yi masa bikin sallama da ita, ga zafi, ya ƙi cirewa. Mazan layin da suka saba tsokanar Salome suka yi tsit, ɗaya ya jawo janaretonsa ya haɗa mata ba ta roƙa ba.

Ɗaya bayan ɗaya take ɗora na'ura a kan tebur, ta haɗa ta da intanet ɗin wayarta, ta kunna mata ƙidayar. Kawu ya kafe a kan cewa ba ita za ta danna ba. Tunda an ce sai mai na'ura ya yarda, to mai na'ura ya danna da yatsansa. Haka aka yi. Kowa ya matso, a kama hannunsa a ɗora, ya danna, muryar nan mai mura ta ce an aika. Wata tsohuwa daga Kumbashi ta tambaya ko za ta faɗi sunanta da na mahaifinta. Salome ta ce ba a bukata. Tsohuwar ta faɗa duk da haka.

Kafin la'asar aka sallami kowa, don a wuce wuraren da ba a son wucewa da duhu. Salome ta share shagonta tana waƙa, har maƙwabcinta ya leƙo ya ga ko lafiya.

Da masu rumbu suka sabunta ƙidayar, ta buɗe shafin ta nemo ƙunshinta. An cire sifili, an sa ɗaya.

Abin da ta rubuta wa Helen a ranar ba ya maimaituwa. Ta ce musu maƙaryata. Ta ce sun riga sun yanke hukunci, ƙidayar ta rufe baki ce. Ta ce in su ba su da kunya, ita tana da mutanen da za ta kalla.

Helen ta je ta bincika, ta dawo da amsa gajeruwa. Saƙonni arba'in da 'yan kai sun iso, ba ko ɗaya da ya ɓata. Amma kowace kwamfuta tana da wata lambar shaida da ake ƙirƙira mata ranar da aka fara ɗora mata manhaja, don kada a ƙirga na'ura ɗaya sau biyu. Duk saƙonnin da lamba ɗaya suka zo. Ma'aunin ya ɗauka kwamfuta ɗaya ce take ta nanata kanta.

Salome ta juya ta kalli faifan da ke kan kanta, wanda ta yi shekaru tana juyewa a kowace na'ura. Komai ta kwafa, har da lambar. Gyaran bai fi layi ɗaya ba, da ta sani, da ta yi shi tana hira a ranar da na'urorin ke kan teburinta. Yanzu kuwa sun koma Auna, sun koma Kumbashi, ruwa ya cinye wata gada a hanya, zaman kuma ya matso. Ba ta da bakin da za ta sake cewa makafi su hau bayan a-kori-kura.

Ta yi abin da ya rage. Ta rubuta bayani dalla-dalla, ba zagi ko ɗaya, wanda ya fi mata aikin damina biyun nan wuya. Ta haɗa da hotunan ranar. Helen ta kai gaban zaman, kuma ta yi faɗa iya ƙarfinta, wannan kam ba a ɗauke mata ba. Wani ya ce ya tausaya ƙwarai, amma kowa na iya aika saƙon na'ura ɗaya sau arba'in, kuma hoton mutane a kan benci ba ya nuna abin da ke cikin kwamfuta. Wani ya tambaya ko an nemi izinin mutanen kafin a ɗauki hotonsu. Wani ya ce shi ma da kansa yake sayen kayan gyaran injin ginin, ya gaji. Aka kaɗa ƙuri'a, aka rufe. A ƙarshe suka gode wa Salome bisa gudummawarta mai daraja.

Da mugaye ne, da abin ya zo da sauƙi, mutum ya tsine musu ya huta. Amma mutanen kirki ne masu aikin kyauta, sun bi ƙa'idarsu sawu da ƙafa, kuma ƙa'idar ba ta san akwai garin da filashi ɗaya ke zaga gida goma ba. Salome ta yi kwanaki tana neman wanda za ta sauke wa fushinta. Ta sauke wa masu rumbu, ta sauke wa masu wuta, ta sauke wa duk wanda ya koya wa layin nan juye faifai. Ko ta ina ta bi, sai ta dawo kan hannunta.

Ba ta kira kawunta a waya ba. Ta bari sai da Godspower zai yi lodin Rijau, ta bi shi ya sauke ta a Tungan Magajiya. Da hantsi ta isa. Tsohon yana gindin mangwaro yana bugu, ya ji takunta ya ɗaga kai.

"Salome ce. Takun faɗa. Zauna ki ba ni labari. Mu nawa suka samu?"

Ta zauna a kan turmin da ke kife. "Ɗaya, Kawu."

"Ɗaya me?"

"Mutum ɗaya. Sun rufe."

Ta gaya masa yadda aka yi, ba ta rage komai ba, ba ta kuma jingina wa kowa ba. Ta ce kwafin da take juyewa ne, ita ta yi, ita ce ba ta duba ba. Ya saurara har ta gama, hannunsa a kan madannan.

"Lambar ta wace na'ura ce?"

"Taka ce. Daga taka na kwafa."

"To ni aka ƙirga."

"Kai ne."

"Malama Mu'minat fa? Da tsohuwar nan ta Kumbashi?"

"A wurinsu duk kai ne, Kawu. Kai ne kake ta dannawa."

Ta zaci zai yi mata faɗa, har ta so ya yi, don ta samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ya rufe na'urar a hankali, ya ajiye ta gefe.

"Jiya ma Malama ta kira ni," in ji shi. "Ta ce ɗalibanta suna tambaya ko sakamako ya fito. Ni na ce su zo. Ni na ce musu wannan karon za a san da mu."

"Bari ni in kira su. Laifina ne, ni zan faɗa."

"Ke kika yi musu alkawari?"



Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya miƙa mata. "Nemo min lambarta. In mun gama da ita ki nemo ta gaba, har mu kai ƙarshe."

Salome ta sa tabaraunta, amma sai da ta cire ta goge ido kafin ta ga sunan. Ta danna, ta sa masa a kunne. Wayar ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka, tana jin muryar matar daga inda take zaune, cike da murna, tana tambaya ko an dace.

"Malama," in ji tsohon, "Baƙo ne. Kina tsaye ne ko kina zaune?"